Ranar da Aka Buɗe Ruwa Babban Baƙo Bai Iso Ba

Cikin duk shekarun da na yi a sashen al'adu da yawon buɗe ido, akwai rana guda da ko daga barci aka tashe ni zan faɗa muku yadda ta kasance daki-daki, wato ranar da na sa aka buɗe ruwa babban baƙo yana kan hanya. Tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin in tattara komatsaina in bar muku kujerar nan, to ku ajiye wayoyin nan naku ku saurara.

A lokacin ina mataki na tara, jami'ar al'adu. Daraktanmu Alhaji Bawa ne, mutumin kirki, ba ya cin zalin kowa, amma in aka ce ga wani babba daga Minna, to jikinsa har rawa yake. Umarni ya zo cewa kowane yanki ya nemo bikin gargajiya da zai jawo baƙi. Aka yi ta zama ana shan shayi ana kawo shawarwarin da ba su da kai balle ƙafa. Ni na kawo maganar su, wato bikin kamun kifi na gayya, don na taso ina ganinsa a garin kakannina na wajen uwa.

Ga waɗanda ba su sani ba, akwai wani ƙauye a bakin kogi ta hanyar Kaboji, inda ruwa ya yi gurbi mai faɗi da zurfi. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai rairayi ya fito fari tas, shimfiɗe, mutum dubu za su zauna a kai ba wanda ya taka wani. Da kaka ta wuce Sarkin Ruwa yake rufe gurbin. Ba ƙugiya, ba taru, ba homa, har watanni. Babu ɗan sanda a wurin, babu shinge, maganarsa ce kaɗai ke tsare kifin nan. Rana ɗaya a shekara yake buɗewa. A busa ƙaho, masunta daga ƙauyuka su faɗa ruwa lokaci guda. Wannan shi ake kira su.

Sarkin Ruwan, Baba Tanko, tsoho ne dogo marar yawan magana. Sau biyu ina zuwa gidansa, a shimfiɗa min tabarma, a kawo min kunu, ya saurare ni har in gama, sannan ya ce in gaida mutanen gida. A zuwa na uku na ƙi tashi. Na ce, "Baba, yau ko ka ce e ko ka ce a'a, amma ka faɗa min dalili."

Ya dube ni ya ce, "'Yata, 'yan'uwanki ma'aikatan gwamnati sun taɓa zuwa, zamanin yayana yana riƙe da ruwan nan. Suka ce a jira babban mutum. Aka jira har azahar. Rana ta ci mutane, samari suka gaji suka faɗa ruwa ba ƙaho. Kifi ya riga ya sauka ƙarƙashin duwatsu saboda zafi, ba a kama abin kirki ba. Amma ba kifin ne ya dame mu ba. Mutane sun ga ana iya shiga ruwa Sarkin Ruwa bai ce a shiga ba. Shekara huɗu yayana yana rufe gurbi ana sata, har ya rasu bai ga girmansa ya dawo ba. Ni na sha wahalar gyara wannan. Yanzu kin ce in sake miƙa wuyana."

Akwai wani madaci a gaɓar gabas, da safe inuwarsa tana kwanciya a kan ruwa. Al'adarsu ita ce da zarar inuwar ta janye ta koma gaɓa, a busa ƙaho. A agogo wajen tara da rabi ke nan. Na ce masa, "Baba, na yi maka alkawari a gaban Allah. In inuwa ta tashi a busa, ko wa ya zo, ko wa bai zo ba."  Sai ya ce, "To, Rifkatu. Ba gwamnati na ba wa ba, ke na ba wa."

Yanzu bari in faɗi laifina, don ba na son ku ɗauka ni waliyyiya ce. A aikin gwamnati in ka je rangadi sai ka rubuta rahoto ka sa a fayil, a kai wa na sama ya sa hannu. Na rubuta sharaɗin nan, amma a shafi na uku na sa shi, kuma na san sarai Alhaji Bawa bai taɓa wuce shafi na ɗaya ba. Ya rubuta "An gani, a ci gaba," ya sa hannu. Da aka buga jadawalin biki na duba, sai na ga abu goma sha ɗaya kafin busa ƙaho: addu'ar liman, addu'ar fasto, taken ƙasa, gabatar da manyan baƙi, jawabin maraba, jawabin wane, jawabin wane, har zuwa jawabin babban baƙo, shi ne kuma zai ɗaga tuta a shiga ruwa. Na ce, "Yallaɓai, wannan ba zai ƙare kafin tara da rabi ba." Ya ce, "Madam Rifkatu, kin cika damuwa. An tabbatar min ƙarfe takwas yana nan." Na yi shiru, kuma shirun nan kuskure ne.

Ranar ta kama wata Asabar a ƙarshen rani. Wallahi wurin ya yi kyau. Mun kafa rumfuna a saman gaɓa, kujeru layi-layi, lasifika tana aiki, abin da ba kullum take yi ba. Matan ƙauyen sun hura wuta sun ɗora kaskon suya, masu kunun zaƙi da masu rake sun jeru. Mun tanadi kwalekwale biyu da rigunan ruwa don kewayawa da baƙi. Motoci sun zo daga cikin Kontagora da Minna, ɗalibai da malamansu, ma'aikata da iyalansu. 'Yan kasuwar kifi daga Bangi da Kasuwan Garba sun iso da wuri, suna ta duban rana, don ba wanda yake so yamma ta same shi a hanyar nan. Masunta kuwa sun cika gaɓa biyu, kowa da homarsa da goransa, tsirara daga ƙugu zuwa sama, ba mai motsi.

Takwas ta yi, shiru. Takwas da rabi, shiru. Ƙarfe tara Darakta ya yi waya, ina tsaye kusa da shi, na ji da kunnena ana cewa yanzu tawagar ta wuce Tegina. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba za su iso kafin sha biyu ba. 

Na ce, "Yallaɓai, a yi addu'o'i a buɗe ruwa. In ya iso ya yi jawabinsa, ya raba kyaututtuka."

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa kuwa? A fara taro babban baƙo bai zo ba? A ina aka taɓa yi? A sa makaɗa su ɗebe wa mutane kewa."

"Na yi wa Sarkin Ruwa alkawari, kuma yana cikin fayil."

"Ke kika yi alkawari, ba ni ba. A jira."

Na juya na dubi ruwa. Inuwar madacin saura kamar taku uku ta koma gaɓa. A tsallake, samari sun fara sa ƙafa cikin ruwa, wasu har idon sawu, dattawa suna daka musu tsawa suna ja da baya, can kuma su sake matsowa. Baba Tanko yana tsaye a kan rairayi da sandarsa, mai ƙaho a gefensa. Bai aiko a kira ni ba, bai ko waiwayo inda nake ba. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi. Tsayuwar nan tasa ce ta fi ci min rai, tsoho ya ba ni amanar girmansa yana jira ya ga abin da zan yi da ita.

Zan faɗa muku gaskiya, tsoro nake ji. Ƙarin girmana yana tafe a shekarar, kuma na san yadda ake yi wa ƙaramin ma'aikacin da ya kunyata babba. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na je na raɗa wa liman da fasto su yi addu'a a taƙaice, suka yi, Allah ya saka musu. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na gangara kan rairayi. Ina ji Darakta yana kira, "Madam Rifkatu, Madam Rifkatu," ban juya ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, inuwa ta tashi."

Ya ce, "Na gani. Ogan naki fa?"

Na ce, "Wannan tsakanina da shi ne. Ruwa naka ne."

Ya yi bisimilla, ya ɗaga sanda, aka busa ƙaho.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ni da na taso ina gani. Gaɓa biyu suka zubo cikin ruwa lokaci guda, ƙarar har a ƙirjina na ji ta. Homa na tashi sama tana sauka, tarwaɗa da karfasa suna tsalle, mata suna guɗa. Ba a yi minti goma ba wani ya fito rungume da giwan ruwa, sai da mutum biyu suka kama masa. Da na ɗaga kai na dubi rumfuna, babu kowa sai Darakta da mai lasifika. Baƙin nan duk sun yar da kujeru sun gangaro. Manyan mata da leshi sun tattare zane suna tsaye cikin ruwa suna ɗaukar hoto. Wani malamin makaranta ya roƙi a ara masa homa, ya shiga da wandonsa na boko, ya kamo ɗan kifi ɗaya bai kai tafin hannu ba, yana ta ɗagawa a gani. Na yi dariya har hawaye, ga kuma tsoro bai sake ni ba.

Sha biyu ta gota muka ji jiniya. Lokacin an fito da kifi an tara, ana suya, 'yan Bangi har sun fara ɗaure kaya. Babban baƙo ya karanta jawabinsa ga kujerun da rabinsu ba kowa, ya miƙa kyautar babban kifi, ya ci suya kaɗan, ya tafi. Har ya tafi fuskarsa ba ta sake ba. Darakta kuwa ko sallama bai yi min ba.

Litinin da safe masinja ya kawo min takardar tuhuma. Ga waɗanda Allah bai nuna musu ba tukuna, takarda ce da ake ba ka ka yi bayani a rubuce cikin kwana biyu kan dalilin da zai hana a hukunta ka, kuma tana shiga fayil ɗinka ta zauna. Laifina shi ne ƙin bin umarni da kunyata ofis a gaban babban baƙo. Na amsa a shafi ɗaya rak, don na koyi darasi. Na ce na ƙi bin umarni, gaskiya ne, ga dalili, kuma da za a sake haka zan yi. Abokan aiki suka ce na haukace, in je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin ɓoye sharaɗi a shafi na uku na riga na bayar a cikin amsata, na busa ƙaho kuwa ba zan bayar ba.

Ranar Laraba ina zaune a tebur na ji hayaniya a baranda. Baba Tanko ne da dattawa huɗu, sun sha manyan riguna, ana biye da su da kwandon banda. Mutumin da aka ce bai taɓa taka ofishin gwamnati ba. Ya ce a kai shi wurin Darakta, kuma a kira ni.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo godiya. Bana mutum ko ɗaya bai taɓa ruwa ba sai da aka busa. Mun zauna da mutanena, mun yarda baɗi ku kawo baƙinku, da shekarun da ke bayanta, ko nawa ne. Sharaɗinmu biyu. Ruwa tukuna, jawabi daga baya. Kuma wannan 'yar ita za ku riƙa aiko mana. In wani ne, ku bar shi ya huta a gida."

Alhaji Bawa ya dube shi, ya dube ni. Ashe tun Litinin ake ta kiransa daga Minna, hotunan sun zagaya wayoyi, ana tambaya yaushe za a sake. Ya share gumi ya ce, "Madam Rifkatu, ke dai ba ki da dama." Da suka tafi ya jawo fayil ɗina ya rubuta a ƙasan amsata, "An gamsu da bayani, a rufe magana." Na fita na shiga banɗaki na yi kukana na murna, na wanke fuska, na dawo na raba wa ofis banda.

Shekarar da ta biyo, wanda aka gayyato a matsayin babban baƙo, a Kontagora ya kwana. Ƙarfe bakwai na safe yana bakin ruwa, ya riga masu kafa rumfa. Ba wanda ya roƙe shi, labari ne ya kai masa cewa mutanen nan ba sa jira.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu a aikin nan ba mu da biki ko ɗaya. Rumfa muke da ita, da kujera, da lasifika. Bikin na masu shi ne, kuma abin da baƙo ya taso ya gani ke nan, ba mu ba. In kun je ƙauye kuka yi wa dattijo alkawari, ku rubuta shi a shafi na ɗaya, ku faɗa wa oga baki da baki, sannan ku tsaya a kansa ko da kuna jin tsoro. Mutanen nan ba sa mantawa da wanda ya cika musu magana.

Takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗina har yau. Da ake haɗa min takardun ritaya, magatakarda ya ce ko ya cire min ita don kada ta ɓata tarihi. Na ce ya bar min abata. Cikin duk abin da ke fayil ɗin nan, har da takardun ƙarin girma, ita ce nake so jikokina su karanta.