Ɗakin da Ban Roƙa wa Ƙanwata Ba

Shekarar da ƙanwata ta samu gurbin karatun jinya a Kankia, ni ne babba a gidanmu na Kusada. Mahaifinmu ya rasu, daga Inna sai ni sai ita. Auta muke ce mata. Ni karatuna bai wuce firamare ba, ina noma da damina, ina acaɓa kullum. Ranar da sunanta ya fito na ɗauke ta a bayan mashin muka zaga unguwa ina ta danna oda, har Inna ta aiko a ce in daina tara mata jama'a.

Abin da ya rage shi ne wurin kwana. Ɗakunan makarantar sun cika kafin mu kai takardu. Kwana uku na yi ina bin wani dillali lungu-lungu a Kankia. Ɗakin farko bangonsa ɗaya da injin niƙa, sai mun ɗaga murya muke jin juna.

"Da ta saba shi ke nan," in ji dillalin. "In ma injin ya tsaya ba za ta iya barci ba."

Na biyu ba shi da ƙyaure, buhu aka rataya. Wanda ya yi kyau ya fi ƙarfin aljihuna, wanda zan iya kamawa kuma mai gidan ya ce ba ya ba budurwa haya ita kaɗai.

Da na dawo na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Kai ma da neman wahala. Ga gwaggonku can kusa da makarantar, ɗakin ɗiyarta a kulle tun da aka kai ta gidan miji. Ka je ka roƙi mijinta."

A wajenmu ba a kai yarinya gidan mutane ta waya. Namijin da ke riƙe da ita shi zai je da ƙafarsa, ya cire takalmi a bakin zaure, ya tsuguna gaban maigida, ya ajiye goro, ya ce ga amana zai kawo. Ni kuwa ina da ƙulli a raina game da mijin gwaggo. Shekara biyu kafin nan, a wajen wani suna, ya dube ni cikin mutane ya ce, "Kai ne mai gudun nan da mashin? Ubanka bai bar maka gida don ka je ka mutu a titi ba." Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, a lokacin ina gudun banza. Amma tun ranar ban ƙara gaishe shi ba.

Na sayi goro na tafi. Daga bakin layin na hango shi a ƙofar zaure bisa tabarma, shi da abokansa biyu. Na kashe mashin na daɗe a zaune, ina tunanin yadda zan tsuguna a gabansu. Daga nan na juya. Goron a tasha na rabar da shi.

"Ya ce hatsi ya zuba a ɗakin," na ce wa Inna.

Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na san ba za ta bi ba'asi ba. Inna in an hana ta abu, kunya ba ta barinta ta sake tayar da maganar. Da kunyar nan tata na fake.

Sai na ce wa Auta ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta.

"Yaya, kullum fa? Har ranar kasuwa?"

"Har ranar Sallah in kina so."

"Kai da sai rana ta shigo ɗaki kake tashi?" Tana faɗa tana dariya.

Da rani abin ya tafi daidai. Damina na sauka komai ya rikice. Ga gona na jirana, ga hanya ta jiƙe. Farar rigarta ta makaranta a leda take ƙunshe ta, sai ta isa ta canza a ɗakin wata ƙawarta. Ranar kasuwa nakan ce ta jira in kai fasinja ɗaya, ɗayan ya zama uku. In na kasa zuwa sai ta tafi tasha, mota kuma ba ta tashi sai ta cika. Ta dawo gida bayan magariba, ta buɗe littafi, barci ya kwashe ta a kansa. Sau biyu ana yi mata gargaɗi kan latti.

Wata rana muna hanya ta ce daga bayana, "Yaya, in je wajen Gwaggo da kaina mana? Ko tsakanin buhunan ne zan shimfiɗa tabarma."

Na daka mata tsawa. Na ce kada ta kuskura ta zubar mana da mutunci, an ce babu, babu. Wannan tsawar ta fi ƙaryar farko ci mini rai, domin a ranar akwai sauran lokacin gyarawa.

Bayan wata shida ana yin jarrabawar da ake tace ɗalibai, wanda bai ci ba ya koma gida. Ranar gwajin aiki da hannu ƙarfe takwas za a shiga. Tun asuba ake ruwa. Muka fita a cikinsa, ta lulluɓa da leda. Muna tsakiyar hanya ruwa ya shiga filogi, mashin ya mutu. Na goge, na buga, na tura, ya ƙi. Ta cire takalmi ta kama tafiya a ƙasa ina binta da mashin, har wata motar itace ta tsaya ta ɗauke ta. Ƙarfe goma ta wuce kafin ta isa, aka hana ta shiga. Da na ƙaraso na same ta a bakin ƙofar makaranta, rigar tana nan cikin ledarta ba ta ko sa ba.

"Mu je gida," ta ce.

Da sakamako ya fito, tana cikin waɗanda aka sallama.

Bayan kaka Inna ta kwanta zazzaɓi, Gwaggo ta zo dubiya. Ta ga Auta tana damun kunu da hantsi, ta tambayi mi ya hana ta zuwa makaranta. Aka faɗa mata.

"Daga nan kike zuwa kullum? Ni na zaci cikin makaranta kike kwana! Mi ya hana ku kawo mani ita? Ga ɗaki nan ɓeraye na wasa ciki."

"Ba hatsi kuka zuba ba?" in ji Inna.

"Wane hatsi? Mu da muke awo a kasuwa?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Inna ta ɗago kai daga shimfiɗa ta dube ni. A nan na faɗi komai, tun daga ranar sunan har zuwa goron tasha. Gwaggo ta yi ta salati. Auta ba ta bar motsa kunun ba.

"Yaya," ta ce, "tsugunon na minti nawa ne? Da ka faɗa mani, da ni na yi maka shi."

Shekarar da ta biyo ta sake neman gurbi, sunanta bai fito ba. Yanzu tana tsaron wani shagon magani a bakin kasuwar Kusada. Na roƙi gafararta ba sau ɗaya ba, ta ce ta yafe, kuma na yarda, don ba ta taɓa goranta mini ba. Bana da aka fara sayar da takardar shiga na je shagon na ce ta sake gwadawa, ɗaki yana nan, na riga na je na yi magana da mijin Gwaggo. Ta gama sallamar wata mata mai goyo, sannan ta ce in bari tukuna.