Waya Biyu, Kamfani Ɗaya

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini, amma ban manta da Larabar da munka kawo zancen motar lantarki cikin radiyonmu na nan Madawa ba, da safiyar Alhamis da ta biyo ta. Ku da kunka shigo aikin nan bara da bana ba ku ga abin ba, shi ya sa nake son in ba ku shi yadda ya faru.

A lokacin ni ke riƙe da shirin kasuwa na ranar Laraba da la'asar. Aikina shi ne in faɗi yadda albasa da hatsi da bisashe sunka kwana a Madawa da Buza da Keita da Tabotaki, sannan in gayyato wani ɗan kasuwa mu yi hira. Ga wanda bai san tsarin gidan ba, mai shiri ba ya hawa iska da ra'ayin kansa. Sai ya tsara abin da zai faɗa da baƙin da zai kawo, ya kai wa direkta ya amince. In an shiga ɗaki, teknisiyan ke zaune bayan gilashi, shi ke buɗe mikoro, shi ke turo kiran masu saurare. Namu a lokacin Yakuba ne.

Lokacin zafi ne, an gama kwashe albasa, kuɗi sun shigo gari. Duk inda na bi neman farashi, zance ɗaya nake tararwa: wani babban kamfanin ƙasar waje mai ƙera motocin da ba su shan mai, isansi ko gazuwal, sai kuran, wato lantarki. Wanda ya kunna wutar zancen shi ne Alhaji Idi, babban dillalin albasa mai loda kamyo, manyan motocin kaya, zuwa bakin teku. Ɗansa yana aiki a Turai, ya saya masa hannun jari a kamfanin, ya sa masa manhaja a waya wadda ke nuna farashi. In ya hau layin ya yi kore, in ya sauka ya yi ja. Alhaji yakan zauna bisa buhunan albasa da wayar a hannu, mutane sun kewaye shi, har masu dako kan tsaya da kaya a ka su tambaya, "Alhaji, yau kore ko ja?"

Sai labari ya zo cewa a daren Larabar nan kamfanin zai nuna sabuwar mota mai araha, ya kuma faɗi ribar da ya samu. Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce farashi zai tashi sama, wasu sun ce an riga an zuzuta shi fiye da ƙima.

Na kai wa direkta shawarar mu yi shiri a kai. Ya cire madubin idonsa ya dube ni.

"Illa, mu da ke faɗin kuɗin tiyar hatsi, mi ya kai mu kasuwar Turawa?"

Na ce masa, "Direkta, kasuwar ce ta zo ta same mu. Ka bi tasha ka ji."

Ya amince da sharaɗi biyu. Kada a ambaci sunan kamfanin, don kar ya zama talla. Kuma kada mu ce wa kowa ya saya ko kar ya saya, namu bayani ne kawai. Ya ƙara da cewa in nemo wanda zai ja da Alhaji, in ba haka ba shirin zai zama waƙar yabo.

Na samo Madam Rifkatu, kontabul ta asibitin mishan, wato mai riƙe da lissafin kuɗinsu. Mace ce mai fara'a da kaifin baki, mawaƙiya a majami'arsu, kuma tana bin labarin kasuwannin duniya don sha'awa. Da na gaya mata da wa za ta zauna, ta yi dariya ta ce, "Alhaji Idi? Ai ko a ƙasa zan zo."

Ranar Laraba da la'asar jar fitilar ɗakin shiri ta kama, na yi sallama, na fara da bayanin hannun jari. Na ce kamar a ce mutum dubu sun haɗa hannu sun mallaki kamyo ɗaya, kowa da ɗan rabonsa, kuma yana iya sayar da rabon nasa ga wani. In mutane suna zaton kamyon zai yi ta samun lodi, rabon ya yi tsada. In suna zaton zai kwanta garaji, ya faɗi.

Ban rufe baki ba Alhaji ya karɓe.

"Jama'a, ku saurara! Motar ga ba ta da bututun hayaƙi, ba ta ƙugi, in ta wuce ka sai ka ji iska. An ce ma suna koya mata tuƙa kanta! Ku tuna abin da gazuwal ke ci muna daga nan zuwa bakin teku. Ran da kamyo mai batir ya hito, mai rabo cikin kamfanin ga ya haye."

Madam Rifkatu ta ce, "Alhaji, mota kyakkyawa daban, riba daban. Sun yi ta rage kuɗin motocinsu don wasu kamfanoni sun taso musu da masu araha. In kana saida buhu da yawa amma abin da kake samu bisa kowane buhu yana ƙanƙancewa, ka ci gaba ko ka koma baya?"

"Wanda ya zuba albasa ajiya cikin rudu ba farashin yau yake dubi ba, Madam. Na gaba yake jira."

"Gaskiya ne. Amma albasa tana ruɓewa cikin rudu, kai ma ka sani. Mu a asibiti pano na hasken rana muke da shi da batir, na san abin da canjin batir ke ci."

Ni kam na ji jinina yana tafasa don daɗi. Yakuba yana bayan gilashi yana nuna mini da hannu cewa waya ta cika. Wani makanike daga Buza ya tambaya ko motar tana da abin da zai gyara, ko aikinsu ya ƙare ke nan. Wani daga Keita ya ce a fara gyara masa hanya kafin a kawo masa motar da ke tuƙa kanta. Alhaji yana buga teburi, ina roƙonsa da ido ya bari don mikoro na ɗauka.

Lokaci ya kusa cika, na fara haɗa kalmomin bankwana, sai Yakuba ya turo kira ɗaya. Muryar dattijuwa ce, da kukan awaki a bayanta.

"Ɗana, ni ce Rabi, daga wani ƙauye kusa da Allakaye. Ni ke shugabar matan garinmu masu asusu. Mushen lakwal ɗinmu, malamin yaranmu Sule, ya ce mu ba shi abin da munka tara na rani ya sa muna cikin kamfanin motar ga, ya ce kahin damina ya ninka. Gobe munka yi da shi za mu ba shi. Tun da ga masana sun taru, ku hwaɗa muna, mu ba shi?"

Sharaɗin direkta ya faɗo mini a rai, ga shi kuma an ambaci sunan mutum a iska. Kafin in sami abin cewa, Alhaji Idi, wanda tun ɗazu yake kambama kamfanin, ya jawo mikoro gabansa.

"Inna, ni ne Idi mai albasa. Babu mai son kamfanin ga kamata. Amma na rantse miki, ni da nake ciki ban san ko gobe kore ne ko ja ba. Ɗana da ke can ma bai sani ba. Wanda ya ce miki tabbas zai ninka, to ya san abin da masu kamfanin ba su sani ba. Ki riƙe kuɗinku tukuna."

Madam Rifkatu ta ce, "Yau dai na yarda da Alhaji. Inna, ba mu ce mushe mugu ne ba, ba mu san shi ba. A bari mu ga ta inda yake sawa."

Muna sauka daga iska wayar biro, ofishin gidan, ta yi ƙara. Mushe Sule ne, ransa a ɓace. Ya ce mun ɓata masa suna a gaban iyayen ɗalibansa, shi da ya sayar da babur ɗinsa ya zuba a ciki kafin ya kira kowa. Direkta ya karɓi wayar ya ce masa doka ta ba shi haƙƙin mayar da martani, wato duk wanda anka ambata a iska yana da damar zuwa ya faɗi nasa. Ya ce ya zo da safe, za a buɗe masa shiri na musamman. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ka kira baƙinka su dawo. Kai ka hura wutar ga, kai za ka zauna kusa da ita."

Da safe Alhaji ne ya fara isowa, yana tafe yana magana tun daga bakin ƙofa.

"Kun ga motar? Kun gan ta? Kamar ƙwai! Sai dai ribar ta ragu, Madam ta canka. Ga shi nan, ja wur, kamar an yanka rago bisa wayata." Yana faɗi yana dariya. Madam Rifkatu ta amshi wayar ta kalli hoton motar, ta ce gaskiya ko ita ta ji tana so.

Mushe Sule ya iso cikin motar kasuwa, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Saurayi ne siriri mai tsabta, malamin kwantiragi, ba ya kama da mai cutar kowa. Ya gaishe mu a taƙaice, ya fito da wayarsa ya ajiye bisa teburin direkta.

"Ga shi, ku duba da idonku. Jiya da dare ya ƙara hawa."

Layinsa kore ne shar, ya miƙe sama. Alhaji ya ajiye tasa wayar kusa da ita. Sunan kamfani ɗaya, tambari ɗaya, safiya ɗaya, ɗaya kore ɗaya ja.

Alhaji ya ce, "Mushe, ja da baya mu gani. Watan jiya hwa?"

Kore. Wanda ya gabace shi, kore. Tun ranar da ya shiga, layin bai taɓa sunkuyawa ba.

"Ɗana," in ji Alhaji, muryarsa ta sauka, "na tsufa cikin kasuwa. Ban taɓa ganin wadda ba ta faɗuwa ko rana ɗaya ba."

Madam Rifkatu ta tambaye shi a hankali wa ya sa masa manhajar. Ya ce wani abokin karatunsa ne ya turo masa, shi ma wani ya turo masa. Ta ce ya gwada cire ɗan kaɗan daga kuɗinsa a gabanmu. Ya danna. Saƙo ya fito cewa sai ya biya kuɗin buɗe asusu tukuna, ko kuma ya kawo sababbin mutane. Ya sake dannawa, saƙon bai canza ba. Ya zauna bisa kujera ya ɗora hannuwansa a ka. Ba kamfanin motar ba ne ya karɓi kuɗinsa, wasu ne sunka ari sunan sunka zana masa layi.

Direkta ya ce masa, "Mushe, ba dole ka shiga iska ba. Za mu faɗa da bakinmu cewa kai ma cutarka anka yi, mu wanke ka."

Mushe ya ɗago ya ce, "Akwai malamai ƴan'uwana a Keita da Tabotaki da ni na tura wa. Ƙarshen wata ya kusa, za su zuba albashinsu. In kai ka hwaɗa, za su ce radiyo ce ke hassada. In ni na hwaɗa, za su ji. A buɗe mini."

Ban taɓa ganin shiri irin wannan ba. Ya faɗi sunansa da garin da yake koyarwa, ya ba da labarin tun daga farko. Ya nemi gafarar Inna Rabi da matan garin. Yakuba ya rasa wane kira zai turo. Wani direba ya ce yana kan hanyarsa ta zuwa tura kuɗi ya ji mu, ya juya. Wata ungozoma daga Buza ta ce ita ta riga ta zuba, Madam Rifkatu ta gaya mata ta tattara saƙonnin ta kai wa jandarma. Direkta da kansa ya shigo ɗaki ya yi mini alama in ci gaba, ya ɗage shirin da ke biye.

Can sai ga Inna Rabi.

"Mushe, muna jinka, duk mun taru gindin radiyo. Ka dawo lakwal, yara na jiranka. Kuɗinmu na nan ba abin da ya taɓa su, kai ne ka yi hasara, mu ne za mu yi maka jaje."

Mushe Sule ya matsa daga mikoro. Alhaji ya cike gurbin, ya ce shi dai ba zai sayar da rabonsa ba ko da ja ya kai wata, don ya yi imani da motar. Madam Rifkatu ta ce a rubuta, za ta tuna masa. Ɗakin ya fashe da dariya, har da Mushe Sule yana share ido. Kuɗin babur ɗinsa ba su dawo ba. Alhaji ya sa direbansa ya mayar da shi gida a ranar.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mai shiri yakan shiga ɗaki yana zaton ya san inda labari yake, alhali sau da yawa labarin yana hannun wanda bai kira ba tukuna. Don haka in agogo ya matse ku kuma teknisiyan ya ce saura kira ɗaya, ku karɓa. Sannan ku zaɓi baƙon da zai yi gardama da zuciya ɗaya, ko da kuna ganin ya cika zumuɗi, don mai faɗin abin da ya yi imani da shi tsakani da Allah ba ya yarda a cuci wani da sunan abin. Wanda kuma kunka ambata a iska, ku buɗe masa ƙofa ya zo, kada ku yanke masa hukunci kafin ku ga fuskarsa. Mutanenmu suna son sabon abu, suna da saurin ɗoki, kuma ba aikinmu ba ne mu kashe musu shi. Aikinmu mu zauna tare da su cikin ɗokin, mu yi tambayar da za su so a ce sun yi kafin su miƙa hannu.