Ragon da Na Hana a Yanka

Da na gama bautar ƙasa na dawo Saji, sai na tarar tumakin gidanmu sun ƙanƙance. Ina jin dalilin shi ne kowace babbar salla ragon da ya fi kyau muke yankawa, ƙananan su rage wa barbara. Na sayo farin rago balami daga Kibiya domin iri.

Da salla ta matso, baffana ya ce, "Ɗan boko, wannan na layya ne ko na kallo?"

Na ce, "A yi haƙuri, Baffa, wataƙila baɗi."

Aka yanka ƙarami, ba wanda ya kira ni wurin fiɗa. Na wuni a garke ina tantama.

Ranar da tunkiyarmu ta haifi ɗa mai dogayen kunnuwa irin na balamin nan, na rasa wanda zan kira ya gani.