Abin da Sabar Ta Riƙe na Muryar Baba

Shekara shida na yi ina aiki ni kaɗai a wani ɗaki marar taga a Kazaure. Ofishinmu na tattara bayanan ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa da Babura, ni kuma aikina kula da babbar kwamfutar da ake zuba su a ciki, wadda muke kira saba. Ba mai leƙo ni sai abu ya lalace. Ko a lokacin ma daga bakin ƙofa ake tsayawa, wai sanyin ɗakin na kama ƙirji. A nan nake cin ɗanwakena, na'ura na gurnani, ina amsa mata.

Sabar guda ɗaya ce, amma kwamfuta uku ke zaune a cikinta, marasa jiki, ba a ganinsu sai a allo. Ni 'yan haya nake ce musu, ita kuma mai gida. Duk abin da aka adana yana cikin faifan ajiya, rumbun gidan ke nan. Sai dai zuwa rumbu na cin lokaci, don haka duk fayil ɗin da aka buɗe, 'yar haya takan riƙe shi a ƙwaƙwalwarta, mai gida ma ta riƙe a tata, kamar yadda mace ke ɗebo gero a ƙwarya ta ajiye kusa da murhu. In an sake nema, daga ƙwarya za a miƙo. Da an kashe na'ura kuwa, ƙwarya ta kife.

Babana fataucin hatsi ya yi a Babura. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, duk ƙarshen makon da na je gida sai in ɗora waya a kan tabarmarsa in ce ya ba ni labari. Ya kuwa bayar: tafiya Nijar da jakai, da yadda ake gane geron bara da haƙori. Gaskiya da rabin kunne nake jin sa. Na riga na sa a raina cewa waya na ɗauka.

Da wayar ta cika, sai na kwashe muryoyin na ɓoye a cikin ɗaya daga 'yan hayar, na goge na waya. Duk Juma'a nakan kwafe aikin ofis zuwa wani faifai na daban, amma na cire nawa daga ciki, don a teburin shugabanmu faifan ke kwana, ba na so a ce na mai da kayan gwamnati nawa. Wayo na ɗauka na yi.

Da damina ya rasu. Wata biyar ban iya taɓa muryoyin ba. Wata Litinin na yi ta maza na buɗe na farko, na ji gyaran muryarsa, ban daɗe ba na rufe.

Ranar Alhamis da hantsi faifan ajiyar ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, sannan ya yi shiru. Ban damu da aikin ofis ba, akwai kwafin Juma'a. Ina miƙa hannu zan kashe sabar sai na tuna muryoyin Baba na ciki, su kuma ba su da kwafi, na janye hannun.

'Yan haya ba su san rumbu ya rushe ba, allo na nan a kunne. Na soka ƙaramin faifai na fara kwashe abin da zai kwasu. Takardar neman hutu ta fito lafiya lau, jerin magunguna ya fito, har da wani hoton leshi da nake yawan kallo ban saya ba. Duk abin da nake buɗewa kullum yana cikin ƙwarya. Muryoyin Baba kuwa, na biyu ya ƙi, na uku ya ƙi, haka har na ƙarshe. Na farkon nan kaɗai ya fara tafiya, ya ɗan yi gaba, ya tsaya.

Shugabanmu ya zo bakin ƙofa. “Hajiya, a kashe a kunna mana, aiki ya tsaya.”

“Yallaɓai, duk wanda ya taɓa na'urar nan yau, ni da shi ne.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya dube ni, ya ja ƙofar ya tafi, bai tambayi dalili ba. Da ya tambaya, da na faɗa masa, don ranar ina bukatar in faɗa wa wani.

Na yi ta gwadawa har la'asar. Na san ba abin da zai ƙaru, na fi kowa sani, amma muddin sabar na kunne sai in ga kamar bai gama tafiya ba. Da aka kira sallah na kashe ta da hannuna. Daga baya mai gyara a Kano ya ce faifan ya karce, sai haƙuri.

Abin da na tsira da shi bai kai minti ɗaya ba. Akwai motsin tabarma, da kukan akuya can nesa, sai ya gyara murya.

“Ta fara ɗauka ne, Uwata? To matso kusa, kin yi nisa. Wannan labarin ko innarki ban taɓa ba ta ba.”

Sai muryata, tana nisa, da alama na riga na miƙe na nufi cikin gida: “Ka ci gaba, Baba, tana ɗauka. Zan saurara daga baya.”

Ya ce, “To.” Ya ja numfashi zai fara, a nan ya yanke. Iyakar abin da na saurara ranar Litinin ke nan, da ɗan abin da mai gida ta ɗebo gaba.

Na tambayi Inna, na tambayi ƙannensa, ba wanda ya san labarin da yake nufi. Yanzu kwafi huɗu nake da shi na guntun, a wuri huɗu. Nakan kunna shi a ɗakin nan in zan ci abinci, in ya ce in matso kusa, sai in jawo kujera.