Kafintan da Ya Gayyato Gara

Shekara arba'in muna maƙwabtaka da kafintan layinmu, wanda kowa ke kira Mai Kunne. Sunan ya bi shi ne saboda yadda yake sayen katako: ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar likita. In muryar ba ta yi masa ba, ko kyauta ne ba ya ɗauka. A wurinsa katako iri biyu ne, wanda Allah ya yi, da na ƙarya.

Sai ga 'yarsa ta fari ta zama injiniya a masana'antar da ake yanka ƙananan itatuwa falle-falle, a shafa gam, inji ya matse su su zama katakon rufi. Ta sha gaya masa cewa da wannan dabara ba sai an kayar da manyan bishiyoyi ba. Shi dai cewa yake ya tura yarinya makaranta, an dawo masa da mai liƙe-liƙe.

Bara rufin ɗakinsu ya lotsa, ga damina a bakin ƙofa. Uwargidansa ta ce ruwan farko in ya same ta a gado, gidan 'yarta za ta koma, ya zauna da kunnensa. Washegari 'yar ta aiko da katakon masana'anta guda shida. Shi kuwa yana da nasa a bayan shago, na ainihi, shekara goma sha biyu yana ajiyarsu. Maimakon ya hau aiki, sai ya tara kafintocin layi ya yi alkawarin kunyata kayan cikin mako guda.

Ya ɗora ɗaya a kan bulo biyu ya hau tsakiya yana tsalle, bai ko motsa ba. Ya kira mahauci da mai faci, masu jiki, suka zauna a kai har suka yi gyangyaɗi. Ya jiƙa shi, ya shanya a rana. Shiru. Daga nan ya ɗauki bokiti ya nufi suri a bayan gari, ya ɗebo gara da ƙasarta, ya juye a gindin katakon masana'antar a cikin shagonsa, ya ce ga alƙalan da ba a saye.

Na ce masa, "Maƙwabci, gara ba ta san wanda ya aike ta ba."

Ya ce in bari in ga aiki.

Mako guda ya zama mako bakwai. Ranar da hadari ya fara haɗowa ya je ɗauko katakonsa na ainihi. Ya ƙwanƙwasa na farko, yatsansa ya shige ciki. Na masana'antar kuwa an sa masa magani, alƙalan ko ɗanɗanawa ba su yi ba.

'Yar ta zo ta tarar da shi tsugune. Ba ta yi dariya ba, ta ce, "Baba, ƙusa inci nawa zan sayo?"

Da hannunsa ya kafa guda shidan, ya yi sauri ya rufe da silin kada kafintoci su leƙo. Uwargida ba ta je ko'ina ba, tana barcinta a tsakiyar ɗaki. Shi kuwa har yau shimfiɗarsa na bakin ƙofa, takalmansa a kusa. Ya ce ba tsoro ba ne, iska yake sha.