Kawu Duktur da Tsohuwar Rijiya

Duk wanda ya san Kawu Duktur ya san ba ya zama a gidan mutum sai ya tambayi ina ƙofa ta biyu. In aka ce babu, sai ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. A jami'a a Madani ya shafe shekarunsa, yana binciken yadda tur'o'i, wato magudanan ban ruwa, gadoji da wayoyin wuta ke jingine da juna, da abin da ke biyowa in ɗaya ya faɗi. Mu 'yan ƙauye mu muka sha wuyar wannan ilimi!

Ranar da za mu ɗaurin aure Damazin, ya tare mota ya sauke na'ibin liman.

"Ya Duktur, mi na yi?"

"Kai da liman cikin arabiya guda? In ta kife, wa za ya ba mu Juma'a?"

Haka bawan Allah ya isa a wata motar, a kan buhunan albasa, yana tsine wa boko.

A gidansa kuwa, da tsakar rana cikin zafi sai ya kashe wuta da hannunsa, ya zauna da littafi yana jiran wanda zai fara kuka. Matarsa, Inna Saude, ta ce, "Rubuta ni ta farko. Ƙasa kuma ka rubuta yau babu kisra, ba ni girki, khalas!"

Amma rigimarsa ta gaske a kan tsohuwar rijiyarmu ce. Da famfo ya zo, dattawa suka ce a cike ta. Kawu ya ce famfon a kan wayar wuta ɗaya yake raye. Suka yi dariya. Sai ya ɗauko kujera ya dasa a bakin rijiyar, kwana uku.

"Ku cike mu tare, ya jama'a!"

Dole suka haƙura. Duk hutu sai ya sa an yashe ta, muna ja muna guna-guni.

Shekarar da wuta ta ɗauke makonni, famfo ya ƙafe, ƙauyuka uku a rijiyar suka sha. Dattawa suka je godiya, ya leƙa layin masu jan ruwa ya ce, "Igiya guda? Wallahi ba ku da hankali!"

A cikin makonnin ne ya rasu. Ni na ja ruwan da aka yi masa wanka, ina ja ina kuka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.