Rumbun da Inna Ta Hana a Buɗe

A garinmu, can gefen Falanko, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ko yunwa za ta kashe ta, sai ta jira maigida ya hau ya zaro dami ya miƙo mata. Ɗiya ma haka. Ban taɓa jin wanda ya faɗi dalili ba, haka muka taras. Wannan al'ada ita ta ci mana shekara tara, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina da shekara goma sha huɗu Baba ya ɓace. Ni kaɗai gare su, Allah bai ba Inna namiji ba. An gama girbi, Baba ya cika rumbunansa biyu, na ci da na tsimi, wato na lakar nan da ba a taɓawa sai shekara ta yi muni. Ranar kasuwar Tanut suka fita da hantsi a amalanke, shi da ƙanensa da nake kira Baffa. Da la'asar sakaliya Baffa ya dawo shi kaɗai.

Inna ta ce, "Ina ka baro yayan naka?"

Ya ce, "Ya samu motar Agadas, Libiya zai wuce. A gabana ya shiga. Ya ce ki yi haƙuri da rashin sallama."

Maganar ba ta rasa kama da gaskiya ba. Sau uku Baba yana zuwa Libiya nema, kuma a kakar nan ya sha cewa zai koma. Amma da tsohuwar riga? Ba ko sallama? Ga shi wata guda kafin nan sun yi kaca-kaca da Baffa a kan gonar kwari da ubansu ya bari, har sai da maigari ya shiga tsakani. Ba a yi mako ba aka fara raɗa, wai wani makiyayi ya ga amalanken ya ratse wajen wata tsohuwar rijiya, ba hanyar Tanut ba. Kafin a nemi makiyayin ya kora shanunsa ya yi arewa, ya bi kwarin Tarka. Shi ke nan, magana ta zama an ce ka ce.

Matan da suka kawo wa Inna raɗar, a tsaye ta sallame su. "Mijina na da rai," in ji ta. Ita abin da ta zaɓa ke nan. Ni kuwa na zaɓi abin da ya fi muni. Na yarda yana da ran, na kuma yarda gudunmu ya yi.

Baffa ya karɓi gonar, wai riƙo. Shi ke hawa rumbun ci ya zaro mana. Da ya ƙare, sai ga shi wata safiya da tsani a kafaɗa, ya nufi na tsimi. Inna ta bar turmi ta sha gabansa.

"Ba kai ka ce yana Libiya ba? To mai rumbu na da rai. In ya dawo ya buɗe abinsa."

Baffa ya yi tsaye kamar an dasa shi. Me zai ce? Ya ce ya mutu? Bakinsa ne ya ɗaure shi. Ya juya da tsaninsa, bai sake ba.

Tun daga ranar rumbun nan ya zama kamar shi ne Baba a wurin Inna. Duk shekara sai ta sa an sabunta masa jinka, ta tsaya a kan masu aikin kada wani ya sa hannu ciki. Duk wanda ya dawo daga Libiya a garuruwan kusa, sai ta dama fura ta tafi. Ko ka gan shi? Dogo ne, yana da tabo a gira. Kowa sai ya girgiza kai. In ta dawo sai in ce mata, "Inna, ke kina yawo da ƙwarya, shi yana can ya yi aurensa." Ba ta taɓa marina ba. Da ma ta mare ni.

A shekara ta huɗu damina ta ƙi. Muka koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan. Muna ci muna kallon rumbu cike da gero a tsakar gidanmu. Wallahi ranar na yi rashin kunya. Na ce mata, "Za ki kashe mu saboda mutumin da ko wasiƙa bai aiko miki ba! Allah ya isa tsakanina da shi!" Ta ce in tofar da yawu. Na ƙi. A kwalejin Tanut kuwa, in aka tambaye ni sana'ar ubana, sai in ce gudu. Ƴan aji su yi dariya, ni ma in yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne Baffa. In ya aiko mana da tiyar gero daga gonar ubana, ni Inna ke turawa godiya. In durƙusa har ƙasa in ce, "Baffa, Allah ya saka da alheri, kai ne ubanmu." Shi kuwa ya ce, "Ba komai, ɗiyata." Kai! Sau nawa na faɗi haka, ban san iyaka ba.

A shekara ta tara ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Belbeji, na zo gida hutun damina. Aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da safe muka ji rugum, rumbun ya tsage ya zube. Geron da muka sha yunwa a kansa ba abin da ya rage sai gari baƙi da gara. Ina tona da itace ko za a samu na kaji, sai itacen ya bugi ƙarfe. Wani ɗan akwati ne, ya yi tsatsa. Maza sukan ɓoye kayansu a rumbu, tunda nan ne mace da yaro ba sa kai hannu.

Na fasa shi a gaban Inna. Katin dantite na Baba, wato na shaidar ɗan ƙasa, da hotonsa. Gurun da yake ɗaurawa a ƙugu duk lokacin da zai ratsa Sahara. Ɗan littafin da ya rubuta lambar wayar maigidansa na can Libiya. A gefe kuma ga sabbin takalma, ƙasa ko sau ɗaya ba su taka ba. Ya shirya tafiyar kam, amma bai kai ga yin ta ba. Mutumin da ya san shingayen hanyar Agadas ba ya barin katinsa, kuma Baba ko za a yanka shi ba zai shiga Sahara ba gurun nan ba.

Inna ta zauna daɓas cikin laka. Ta daɗe tana juya takalmin, sannan ta ce, "Ashe bai tafi ba."

Washegari na kwashi kayan sai jandarmomi a Tanut. Wanda ya saurare ni ya juya katin ya ce, "Madam, mutum nawa ke tsallakawa ba takarda? Ina gawa? Ina shaida? Rijiyar ma wace ce? Dajin nan cike yake da rijiyoyin da rairayi ya cinye." Sun dai kira Baffa. Ya maimaita maganarsa ta shekara tara, ko tuntuɓe bai yi ba. Kafin magariba ya riga ni isa gida.

Ban ce na ga abin da ya faru ba. Ban gani ba. Amma na san abin da na sani.

Ni da zafin kaina na matsa aka je wurin alƙali, aka tabbatar da mutuwar Baba, don Inna ta huta da jira. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, bayan shekara tara. Wa ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa? Baffa. Aka zo rabon gado, tunda ba ɗa namiji, aka ba ni rabi, aka ba Inna tumuni, sauran na ɗan'uwan mamaci. Na ce wa malamin da ke rabon, "Malam, ba an ce wanda ya kashe ba ya cin gado ba?" Ya ce, "Haka ne. Ina shaidunki?" Gefen kwari ne ya faɗa wa Baffa. Da riƙo yake yi, ni na mayar masa da shi halaliya.

Na so in ɗora wa Inna laifi, in ce da ta bari an buɗe tun farko da an samo makiyayin. Ita ta riga ni. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Da na bar Baffanki ya hau, shi zai fara ganin kayan, da tuni ya ƙone su. Amma ni fa? Kullum ta gindinsa nake wucewa. Tsani kawai zan jingina." Daga nan ba ta ƙara tada maganar ba.

Sai ranar da ta fita takaba ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Ke kuma, shekara tara kina zagin mutumin da yake kwance. Ki janye Allah ya isar nan, ki nemi gafararsa."

Na ce, "A ina, Inna?"

Mata a garinmu ba sa shiga maƙabarta, amma kowace ɗiya ta san gefen da ubanta yake, ko daga tsakar gida takan juya ta yi masa addu'a. Ni ban san ko gabas ba ne ko arewa. Duk lokacin da na je gida, sai in tsaya a kan duwatsun da suka ɗauki rumbun, in ce, "Baba, na janye." Shekara shida ke nan ina faɗa, kuma har yau ban ji nauyin ya sauka daga ƙirjina ba.